Bayan "na sallama", wa ke da dokin?

A kasuwannin bisashe na ƙasarmu, daga Badagishiri zuwa Tunfafi, daga Sabon Mashi zuwa Bakin Birji, cinikin doki yana ƙarewa da kalma biyu. Mai saye ya taya, mai doki ya ce albarka, dillali ya ja wannan gefe ya ja wancan, har a kai inda mai doki zai ce "na sallama". A ƙirga kuɗi, a fid da la'ada, a miƙa ragama. Shi ke nan doki ya bar turken wani ya koma na wani. Shaidar da ta rage tana cikin kan mutum uku ko huɗu da suka tsaya a wurin, ɗaya baƙo ne da ba a san garinsu ba, ɗaya kuma baɗi war haka yana can wurin cin rani.

Mutumin nan da ya sayi dokin, da babur ya je saye, ba zai hau ba sai an ba shi rasi da takardar duwan, don ya san jandarma na jiran shi a hanya. Gona ma, tun da dokar karkara ta 1993 ta kawo kofo, mutane da dama sun saba zuwa a rubuta musu takardar saye ko ta kyauta ko ta jingina. Doki kuwa, wanda sau da yawa ya fi babur tsada, kuma abu ne mai rai da ke iya ɗauko cuta ya kawo ta har cikin gida, shi muke saye da baki kawai. Ra'ayina shi ne ƙungiyoyin makiyaya su buɗe littafin dawaki, a riƙa rubuta duk lokacin da doki ya sauya mai shi, kuma shaidar mallaka da ta lafiya su zama aiki ɗaya da ake yi rana ɗaya.

Don a ga yadda abin yake in an kai shi maƙura, mu dubi dokin da ya fi kowane doki takardu a duniya, dokin sukuwar da Ingilishi ke kira Thoroughbred, Faransawa su ce pur-sang, wato mai tsantsar jini. Asalinsa Ingila ne, inda aka haɗa goɗiyoyin ƙasar da ingarmun da aka kawo daga gabas, tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18. Uku daga cikin ingarmun nan su ne kakannin duk waɗanda ke gudu a yau ta wajen uba. A 1791 wani mai suna James Weatherby ya fara buga littafin zuriyarsu, kuma har yanzu gidan Weatherbys ne ke riƙe da shi. Faransa ta buɗe nata a 1833. Kome kyan doki da gudunsa, ba ya samun wannan suna sai uwarsa da ubansa suna cikin littafin, kuma sai ingarman da kansa ya hau goɗiyar, don ba sa karɓar cikin da aka samu ta hanyar ɗurin maniyyi.

Tun duƙushi yana gindin uwarsa likitan dabbobi ke zuwa ya zana kamanninsa a takarda: launinsa, farin goshi, farin ƙafa da inda ya tsaya, da wuraren da gashi ya murɗe kamar cibiya, waɗanda ba sa sauya wuri har doki ya mutu. A ciri gashi ko jini a kai awo, a tabbatar ɗan wane ne da wance. A soka masa wata ƴar ƙwaya mai girman shinkafa a gefen hagu na wuya, mai ɗauke da lamba 15 da ake karantawa da na'ura.

Abin da ya fi jan hankalina a tsarin Faransa shi ne takardun guda biyu ne, kuma ba wuri ɗaya suke kwana ba. Ta farko littafin dokin ne, mai kamanninsa da asalinsa da jerin alluran rigakafin da aka yi masa, kowace da kwanan wata da hatimin likita. Wannan yana bin doki duk inda ya je, ko hannun mai horo, ko filin sukuwa, ko wurin barbara. Ta biyu katin mallaka ne, shi kuma yana hannun mai dokin, ko da dokin ya shekara goma a bargar wani. Ranar ciniki mai sayarwa ya sa hannu a katin, mai saye ya sa, kuma doka ta ba mai saye kwana 30 ya sanar da ma'ajiyar ƙasa da ake kira SIRE, wadda ke garin Pompadour tun 1976, don a fitar da sabon kati da sunansa. In mutum uku suka yi tarayya, katin yana faɗin kason kowa. In kuɗi bai cika ba, mai sayarwa mai wayo yana miƙa doki da littafinsa, ya riƙe kati sai an biya shi saura. A Ingila ma kwana 30 ne, sai dai su sun bayyana a fili cewa littafin doki shaidar kamanni ce, ba ya tabbatar da mallaka, shi ya sa masu saye ke neman takardar ciniki daban. A manyan wuraren gwanjo kuma akwai ƙa'ida a rubuce: da zarar an buga guduma, duk abin da ya sami dokin asarar mai saye ce.

Ba don tsoron Allah ya fi namu suka yi wannan ba. Kuɗin da ke ciki ne ya tilasta musu, tun da ana iya sa dokin da ya fi gudu a madadin wani a cuci masu caca, ko a sayar da duƙushin banza da sunan ɗan shahararren ingarma. Amma amfanin ya zarce zuwa lafiya. A Faransa da Ingila dokin da littafinsa bai nuna rigakafin mura daidai ba, ba a barin shi ya shiga sukuwa. Kuma ran da cuta ta ɓulla, ana da bakin zaren da za a bi. A watan Agusta na 2007 murar dawaki ta shiga Ostiraliya, ƙasar da ba ta taɓa ganinta ba, ta hanyar ingarmun barbara da aka kawo daga Japan, duk da takardunsu da killacewar da aka yi musu kusa da birnin Sidni. Takarda ba ta tare ƙwayar cuta ba. Abin da ta yi shi ne, da hukuma ta hana motsin dawaki a ƙasar baki ɗaya, an iya bin sawu a san wane doki ya kwana da wane, ya je ina, hannun wa yake. Dubban dawaki sun kamu, amma kafin 2008 ta ƙare an tabbatar ƙasar ta rabu da cutar.

Mu ma mun ga irin wannan mura, kuma ba mu manta ba. A ƙarshen 2018 ta ɓulla a jihar Sakkwato, farkon 2019 ta game Nijar da maƙwabta, ta kashe dubban jakuna. Matan da ke ɗebo ruwa da itace da jaki su suka fi kowa sanin abin da aka yi asara. Cuta ce da ke bin numfashi da tari, kuma tsakanin kamuwa da bayyanar alama kwana 1 zuwa 3 ne. Wato dabbar da ka saya ranar kasuwa tana cin harawa lafiya lau, kana iya isa gida da ita ka ɗaure kusa da jakunanka, jibi tari ya fara. A lokacin, duk malamin dabbobin da ya tambayi mai ita daga ina ta fito, amsar da zai samu ita ce daga kasuwa. Wa ya kawo ta kasuwar, daga wane gari, sauran da aka kawo tare da ita suna ina, babu mai iya faɗa.

Mura ma ta fi sauran saurin nuna kanta. Akwai annobar dawaki ta Afirka, wadda wasu ƴan ƙudaje ƙanana masu cizo da magariba ke yaɗawa, ta fi tsanani ƙarshen damina, tana iya yin mako ɗaya ko biyu a jiki ba a gani ba, kuma in ta faɗa wa dawakin da jininsu bai san ta ba tana iya kashe tara cikin goma. A 2007 ta kashe dawaki fiye da 1000 a Senegal. Dokin da aka kawo daga nesa da tsada shi ya fi shiga haɗarinta, kuma shi ne ya fi bukatar a san ko an taɓa yi masa rigakafi, yaushe, da wane iri. Akwai ciwon da ke fito da kumburi a jere bisa jijiyoyin ƙafa da ƙirji, su fashe su yi ta ruwa, wanda sirdi da majanyi da ƙuda ke ɗauka daga wannan doki zuwa wancan, shi kuma yana iya ɓuya makonni ko watanni. Akwai ciwon jini na kaska, da doki ke warkewa a ido amma ya ci gaba da ɗauke da shi. Akwai kuma wanda ingarma ke ba goɗiya wurin barbara. Kamfen ɗin rigakafi na kowace shekara ya fi mayar da hankali kan huhun shanu, da annobar awaki da tumaki, da raƙuma. Doki da jaki sai wanda mai shi ya nema masa da kansa, kuma in ya sauya hannu labarin ya ɓace. Sabon mai shi ko dai ya sake biyan allurar da aka riga aka yi, ko ya ɗauka an yi alhali ba a yi ba.

Sai batun aibi. Kowa ya san dabarun kasuwa: dokin da ke ɗingishi a yi masa allurar kashe zafi da asuba, ya yi kilisa gaban mai saye kamar ba shi ba, bayan kwana biyu ƙafa ta dawo da halinta. Addini bai bar wannan a banza ba. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibin da aka ɓoye masa yana da ikon mayarwa, kuma littafin Muhtasar ya ba da kamar kwana uku na zaɓi a cinikin dabba in an yi sharaɗin haka. Dokar karkara ta Faransa ita ma ta lissafa aibobi bakwai na doki da ke warware ciniki, daga ciki akwai tsohon ɗingishi mai zuwa ya tafi, da ciwon huhu mai sa haki, da ƙugin maƙogwaro, da ɗabi'ar cizon turke ana haɗiyar iska. Ta ba mai saye kwana 10 ya kai ƙara, ciwon cikin ido da ciwon ƙarancin jini mai yaɗuwa kuma kwana 30. Ko wace hanya aka bi, tambayoyin ɗaya ne: yaushe aka yi cinikin, me mai sayarwa ya faɗa, me ya ɓoye, aibin tsoho ne ko a hannun mai saye ya samu? Gaban mai gari kowa zai rantse, shaidu kuma su tuna abin da ya yi wa nasu daɗi. Layi biyu a takarda, cewa ranar kaza an duba ƙafafu huɗu da ido da numfashi, an ga tabo a gwiwar dama mai saye kuma ya yarda, sun isa su kashe rabin wannan rigima. Mai sayarwa na kirki ma kariya ce gare shi, don akwai mai sayen da zai sukwani doki kwana biyar cikin rana, ya karya shi, sannan ya dawo yana cewa an cuce shi.

Haka kuma asarar hanya. An sallama a Maigatari ko Mai'aduwa, an ba da rabin kuɗi, an ɗora doki a mota ko an ba yaro ya jawo shi, ƙullewar ciki ta kama shi ya mutu kafin ya iso Magarya ko Matamai. Asarar wa? Turawan gwanjo sun yanke ta da guduma. Mu sai bayan mutuwar muke fara neman amsa, lokacin da kowa ya riga ya san amsar da yake so.

Sata kuwa ba sai an yi dogon bayani ba, musamman ga mutanen bakin iyaka na Madarunfa da Gidan Rumji da Ƙonni. Buzaye suna lalas a jikin raƙumansu, Fulani suna tsagen kunne, kowane gida da shaidarsa, kuma wannan hikima ce da ta daɗe tana aiki. Amma lalas yana faɗin gidan da dabba ta fito ne kawai, ba ya faɗin ko da yardar gidan ta fita. Dokar da muka gada daga Faransa tana ɗaukar wanda abu ke hannunsa a matsayin mai shi. Wanda aka yi wa sata yana da shekara uku ya nemi kayansa a hannun duk wanda ya same su, amma in mai riƙe da su a kasuwa ya saya da zuciya ɗaya, sai mai kayan ya mayar masa da kuɗin da ya biya. Ka ga ke nan kowane ɓangare yana bukatar shaida: wancan ya nuna dokin nasa ne tun asali, wannan ya nuna a kasuwa ya saya, hannun wane, nawa. Wanda ba shi da ita yana iya rasa doki da kuɗi, ya kuma kwana a jandarmari da sunan mai sayen kayan sata. Takardar ƙetare iyaka da ƙasashen CEDEAO suka amince da ita a 1998 tana ƙirga garke da rigakafinsa da hanyar da zai bi, amma ba a yi ta don ta ce wannan akawal mai farin ƙafar hagu na wane ne ba.

Rigimar da ta fi ɓata zumunci ma ba ta ɓarawo ba ce, ta cikin gida ce. Ɗan kasuwa a Maraɗi ko Yamai ya sayi doki ya kai ƙauye wurin ƙanensa ya yi masa kiwo. Shekara shida ƙanen na sayen dusa da kanwa, ɗansa na hawa, gari duka na cewa dokin wane. Ranar da mai dokin ya rasu, magada su ce a kawo shi cikin rabo, ƙanen ya ce marigayi ya bar masa tun tuni. Ko basarake ya ba bafade doki don hawan salla, bayan an yi sabon sarki a rasa ko aro ne ko kyauta. Ko a ba mutum goɗiya kiwo ta haihu, a fara gardamar na wa ne duƙushin. Fulani sun tsara habbanaye sarai, kowa ya san haihuwa nawa za a jira kafin uwa ta koma, amma a doki kowa da irin alkawarin da ya yi, kuma alkawarin yana mutuwa tare da masu shi. Nan ne dabarar takardu biyu ta Faransawa take da amfani gare mu: mai kiwo ya riƙe ta lafiya tun da shi ke kai doki wurin allura, mai doki ya riƙe ta mallaka. Kowa ya ga doki a gidan wani ba tare da ta biyun ba, ya san amana ce.

Ba ina cewa mu kwaikwayi Weatherbys ba. Dokin Arewa da ɗan Sudan ba su bukatar littafin kakanni na shekara ɗari biyu kafin su ja amalanke ko su yi sukuwa a Damagaram. Ita kanta ƙwayar wuya, ban ga hikimar gaggawa a kanta ba, in dai na'urar karanta ta tana can babban birnin jaha, doki kuma yana Tanut ko Abalak. Masu dawakin sukuwa na birni su fara, suna da hali. Abin da ƙungiyar makiyaya za ta iya gobe shi ne littafi mai kauri ɗaya, kowane doki da shafinsa da lambarsa. A rubuta launinsa da sunayen da muka sani, kili ne ko bidi ko hurde ko gunya ko danda, a zana farin goshi da na ƙafa, a nuna murɗin gashi da tabo da lalas in akwai. A buɗe baki a duba shekaru, tun da haƙoran gaba na tsakiya suna sauyawa wajen shekara biyu da rabi, na kusa da su uku da rabi, na gefe huɗu da rabi, doki mai shekara biyar bakinsa ya cika. A ɗauki hoto huɗu da waya, dama da hagu da gaba da baya, mai sayarwa yana riƙe da ragama fuskarsa a fili. Ƙarƙashin wannan sai jerin masu shi, kowane layi da kwanan wata, da yadda dokin ya zo hannunsa, saye ne ko gado ko kyauta ko kiwo, da kuɗin da aka biya da wanda ya rage, da ranar da asara ke komawa kan mai saye, da kwanakin zaɓi in an yi sharaɗi. Shaidu biyu da dillali su dangwala. Mataimakin likitan dabbobi na gari, irin waɗanda ke aiki ƙarƙashin likitocin SVPP, ya duba dokin ya rubuta abin da ya gani da alluran da aka yi. Daga wannan shafi ake kwafo takardun biyu.

Zan ƙara sharaɗi ɗaya, shi ne ma dalilin da ya sa nake so ƙungiya ta riƙe littafin: kada a kammala rubuta sabon doki sai ya yi mako biyu zuwa uku a turke daban, nesa da sauran dawaki da jakuna, da bokitinsa da ragamarsa, mataimakin likita ya sake duba shi. Killacewa aba ce da kowa ke ji a taron faɗakarwa ya gyaɗa kai, ba mai yi. In takardar mallaka ta rataya a kanta za a yi.

Na san abin da za a ce. Na farko haraji. Makiyayi bai manta jangali ba, kuma yana da gaskiya in ya ji tsoron duk littafin da ake ƙirga dabbarsa a ciki. Shi ya sa ya kamata littafin ya zauna hannun ƙungiya, mambobi su yanke a babban taro wa ke da ikon buɗe shi, shiga kuma ta zama ta ganin dama. In aka mayar da shi wata sabuwar hanyar karɓar kuɗi a bakin kasuwa, ya mutu tun ranar farko, mutane su koma ciniki a bayan gari inda ba mai ganin dabba marar lafiya. Kuɗin rubutu kada ya wuce na takarda da ɗan abin da mataimakin likita zai sa wa babur mai.

Na biyu, za a ce rubutu tsakanin ƴan'uwa rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, umurni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma muminai aka yi wa maganar. Cinikin doki da ake biya kashi-kashi bashi ne. Rashin iya boko ma ba hujja ba ce, ana iya cika shafi da ajami, malamin da zai yi yana kowane gari, hoto kuma kowa na iya karanta shi.

Dillalai su ne nake jin za su fi tirjiya, kuma bai kamata a yi gaba da su ba. Dillali na gaske shi ne littafin da muke da shi tun kaka da kakanni: shi ya san mai doki, shi ke saukar da baƙo, shi ake kamawa in dabba ta zama ta sata. Takarda tana sauƙe masa wannan kaya ne, ba ta taɓa la'adarsa. Wanda zai yi asara shi ne mai karɓar dabba da tsakar dare bai tambayi inda ta fito ba, da mai faɗa wa mai doki kuɗi ɗaya ya faɗa wa mai saye wani. Ƙungiyar da ke son abin ya ɗore ta fara zama da shugaban dillalan kasuwarta kafin ta sayi littafin.

Ya kamata a faɗa wa mambobi gaskiyar ƙarfin takardar. Ba ta gwamnati ba ce, ba ta hana alƙali ya yi bincikensa. Shaida ce mai kwanan wata da hoto da sa hannun mutanen da aka sani, wadda mai gari ko sarki zai iya dogara da ita wurin sulhu, jandarma kuma su ga mai riƙe da ita bai ɓoye komai ba. In mai gari ya yarda ya buga hatiminsa, ƙarfinta ya ƙaru. Za a yi ta jabu, babu shakka, kamar yadda ake yin ta babur. Maganin shi ne lambar wayar sakataren ƙungiya a jikin kowace takarda, mai saye a Tawa ya kira Dakoro ya ce a buɗe masa shafi na kaza, a turo masa hoton ta WhatsApp ya gwada da dokin da ke gabansa.

Hanyar da ta fi sauƙi ga ɓarawo ita ce takardar dokin da ya mutu. Bikili ya mutu a ƙauye, takardarsa ta gaskiya na nan cikin akwati, sai a nemo wani bikilin na sata mai kama da shi a kai kasuwa da ita. A Faransa dole ne a mayar da littafin dokin da ya mutu ga hukuma don a rufe lambarsa. Mu ma ranar da doki ya mutu mai shi ya kawo takardun biyu, sakatare ya ja layi a shafin, mataimakin likita ya rubuta alamun da aka gani kafin mutuwar da yawan kwanakin da ya yi yana ciwo. In shafi uku suka rufu cikin mako ɗaya da alama iri ɗaya, sakataren ya kira ma'aikatar kiwo ta gunduma a ranar, a zo a ɗebi jini a aika LABOCEL, a kuma gaya wa mambobi kada kowa ya kai doki ko jaki kasuwa sai sakamako ya dawo.